Daga Awakin Ehrlich Zuwa Erlangen: Yadda Aka Yarda Jiki Na Iya Yaƙar Kansa

A yau ba abin mamaki ba ne likita ya dubi matar da gaɓɓanta suka kumbura, gashinta ke zuba, ƙuraje suka shimfiɗu a kumatunta, ya ce mata garkuwar jikinta ce ta juyo kanta. Mun saba jin wannan bayani a kan lufus, da amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu, da ciwon sukarin da ke kama yara, da cutar MS mai cinye rigar jijiyoyi, da sauran danginsu da yawansu ya haura 80. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya bi bayanan asibiti na mutum miliyan 22 a Birtaniya, ya samu kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka 19 da aka duba. To amma wannan magana da likita ke faɗa a sauƙaƙe, da a ce shekara 75 baya ya furta ta a taron masana, da an yi masa kallon wanda bai gama karatu ba. In muka bi sawunta baya, za mu tarar da tafiya biyu da suka daɗe ba su haɗu ba. Masu neman magani na tasu, yawanci da lalube da aro daga wasu cututtuka. Masu neman dalili ma na tasu, kuma maganar wani babban malami ta tsare musu hanya har rabin ƙarni.

Cututtukan kansu tsofaffi ne. A 1800 wani ɗalibin likitanci a birnin Faris, Landré-Beauvais, ya rubuta bayanin wasu matalautan mata a asibitin Salpêtrière masu fama da ciwon gaɓɓai da bai yi kama da wanda aka saba gani wurin attajirai maciya nama ba. A 1859 Alfred Garrod na Landan ya raɗa wa ciwon sunan da likitoci ke kiransa da shi har gobe. Charcot ya zayyana MS a 1868, Moriz Kaposi na Biyana kuma ya nuna a 1872 cewa lufus ba a fata ta tsaya ba, tana shiga ciki har ta yi kisa. Likitocin wancan ƙarni gwanayen kallo ne da siffantawa, har yau ana karanta bayanansu da sha'awa. Sai dai kowace cuta an bar ta a hannun likitanta, wannan ta mai duba fata, waccan ta mai duba jijiya, ba wanda ya kawo a ransa cewa tushensu ɗaya.

Zamani ne kuma na ƙwayoyin cuta. Pasteur da Koch sun riga sun koya wa duniya cewa cuta baƙuwa ce, daga waje take shigowa, garkuwa kuma aikinta tare baƙo. A cikin wannan yanayi ne Paul Ehrlich, babban malamin ilimin garkuwa a Jamus, ya duƙufa kan awaki tare da abokin aikinsa Julius Morgenroth a birnin Frankfurt, wajajen 1900 zuwa 1901. Sukan ɗebi jinin akuya su yi wa wata akuyar allurarsa. Jikin wadda aka yi wa allurar sai ya haɗa sinadaran kariya, waɗanda muke kira antibodi, masu fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu awaki, amma ko sau ɗaya ba su taɓa nata ba. Ehrlich ya kira wannan da tsoron da jiki ke yi na shayar da kansa guba. In za a yi wa mutumin adalci, bai ce abin ba ya yiwuwa ba. Cewa ya yi lalle jiki na da dabarun da ke hana shi aukuwa, kuma a nan ya yi gaskiya. Almajirai ne suka ɗauki hasashen malam suka mai da shi doka. Ehrlich ya karɓi kyautar Nobel a 1908, ya rasu a 1915, dokar kuma ta zauna daram bayansa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne hujjar da ta karya dokar ba ta jima ba ta iso. A 1904, can Biyana, Julius Donath da Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunan jini, suka duba wasu majinyata da fitsarinsu ke rinewa ya yi baƙi duk lokacin da sanyi ya buge su. Suka zuba jininsu a kwalba, suka sanyaya shi, suka sake ɗumama shi, sai ga jajayen ƙwayoyin suna fashewa. Mai fasa su kuwa antibodin mutumin ne da kansa. An karanta, an jinjina, an kuma ajiye a matsayin wani abin al'ajabi da ke samun masu tunjere. Haka aka yi da shanyewar jikin da kan samu wasu daga cikin waɗanda aka yi wa rigakafin ciwon haukan kare, wanda Pasteur ya fara haɗawa a 1885 daga busasshiyar lakar zomo. A 1933 Thomas Rivers na cibiyar Rockefeller a New York ya yi ta yi wa birai allurar ƙwaƙwalwar zomo lafiyayye, ba ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, wasu biran suka shanye, rigar jijiyoyinsu ta zube. Nan ma yawancin masana suka yi kunnen uwar shegu.

Su kuwa likitocin da ke gaban gado ba su da halin jira. Tunda an yi imani ƙwayar cuta ce ke ɓoye wani wuri a jiki, sai aka shiga farautarta. Shekarun 1920 da 1930 sun ga an cire haƙora da 'yan wuyan dubban masu amosani, lafiyayyun haƙora ma ba su tsira ba. A 1929 Jacques Forestier na Faransa ya fara yi wa masu amosanin gaɓɓai allurar gishirin zinariya, don yana zaton ciwon ɗan'uwan tarin fuka ne, wanda ake gwada wa zinariya a lokacin. Zaton kuskure ne, allurar kuwa ta yi wa wasu aiki, aka yi ta amfani da ita fiye da shekara 50. Nanna Svartz ta Suwidin, farkon shekarun 1940, ta haɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ɗan'uwan asfirin ta samar da salfasalazin, ita ma bisa zaton ƙwayar cuta, kuma maganin na nan a kantin magani har yanzu.

Aron da ya fi kusa da mu shi ne na maganin zazzaɓin cizon sauro. Tun 1894 wani likita a Landan mai suna Payne ya ba da labarin cewa kwinin na sauƙaƙa ƙurajen lufus. A yaƙin duniya na biyu aka riƙa ɗura wa sojojin ƙawance mefakirin don kare su daga maleriya, sai aka lura masu ƙuraje da ciwon gaɓɓai a cikinsu na samun sauƙi. Daga nan hanya ta kai ga kulorokwin, wanda da yawanmu ba mu manta ɗacinsa da ƙaiƙayinsa ba, sannan ga ƙaninsa haidiroksikulorokwin a 1955. Maleriya ta daɗe da daina jin tsoron kulorokwin, amma ƙanen nan shi ne ginshiƙin maganin lufus a ko'ina. Wani gwaji a Kanada a 1991 ya nuna cewa waɗanda aka janye wa shi cutar ta fi saurin taso musu.

Labarin da ya girgiza duniya kuwa daga asibitin Mayo ya fito, a garin Rochester na jihar Minnesota. A 1929 Philip Hench ya lura da wani mai amosanin gaɓɓai da shawara ta kama, ciwon gaɓɓansa ya kwanta. Daga baya ya ga haka nan ga mata masu juna biyu: ciki na shiga ciwo ya lafa, ana haihuwa ya dawo. Ya ce lalle jiki na da wani sinadari nasa mai kashe wannan wuta, ya kuma shafe kusan shekara 20 yana nemansa bai san ko mene ne ba. A asibitin nan akwai masanin sinadarai Edward Kendall, mai tatsar sinadarai daga 'yar halittar nan da ke zaune a kan ƙoda. Aikin na tafiyar hawainiya har sai da jita-jita ta bazu lokacin yaƙi cewa Jamusawa na ba matuƙan jiragensu irin wannan sinadari don su jure tashi sama can ƙololuwa. Jita-jitar ƙarya ce, amma ta sa gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi, kamfanin Merck ya samu hanyar haɗa sinadarin daga ruwan matsarmamar shanu. Gaba ta kai su, gobarar Titi.

Ranar 21 ga Satumba, 1948, aka yi wa wata mata mai shekara 29 allurar farko. Ta fi shekara huɗu tana fama, ta kai da ƙyar take juyawa a gado. A kwana na uku taurin gaɓɓai ya saki. Kafin mako ya zagayo ta fita cikin gari ta yi sa'o'i tana sayayya da ƙafarta. Aka ɗauki majinyata a fim, kafin allura da bayanta, aka nuna wa taron likitoci a 1949, a 1950 kuma Hench da Kendall da Tadeus Reichstein na Suwizalan suka karɓi Nobel. Da wuya a samu maganin da ya je Stockholm da sauri haka. Sunansa kotizon.

Murna ba ta daɗe ba ta fara komawa ciki. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini suka taso, tunani ya rikice, ƙananan cututtuka suka samu ƙofa, da an daina kuma ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Matar nan ta farko ita ma ba ta tsira daga wannan ba. Kotizon da 'ya'yansa, irin su firednisolon da ya zo a tsakiyar shekarun 1950, aikinsu kamar na mai cinna wa daji wuta ne don ya kama gafiya: gafiyar na fitowa, amma ciyawar dabbobi da itacen girki sun tafi. Duk da haka sun ceci rayuka ba adadi. Wani nazari a asibitin Johns Hopkins a 1955 ya samu kusan rabin masu lufus ba sa wuce shekara huɗu bayan an gano ta. Yau a ƙasashe masu hali fiye da 90 cikin 100 na wuce shekara goma. Abin takaici, dangin wannan magani ne wasu ke saya a kemis ba takardar likita don su yi ƙiba, ko su shafa a man bilicin, alhali kumburin fuskar da suke murna da shi shi ne illar da ta fara tsorata su Hench.

Har zuwa nan fa ana kashe wuta ne ba a san wanda ya kunna ta ba. Amma alamu na taruwa a ɗakunan gwaji. Erik Waaler na Oslo ya ga wani baƙon antibodi a jinin masu amosanin gaɓɓai a 1940. Robin Coombs na Kambirij ya fito da gwajinsa a 1945, wanda ke nuna antibodi manne da jajayen ƙwayoyin mutum. A 1948, a Mayo ɗin dai, Malcolm Hargraves ya hango a ɓargon masu lufus farar ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar 'yar'uwarta. Ta wani gefen kuma, Ray Owen na Wisconsin ya gano a 1945 cewa tagwayen maruƙa da suka yi tarayya a jini tun a ciki na rayuwa da ƙwayoyin jinin juna ba faɗa. Macfarlane Burnet na Melbourne ya ɗauki wannan ya ce ashe jiki koyon sanin kansa yake yi tun yana ɗan tayi, Peter Medawar da abokansa suka tabbatar da haka a kan ɓeraye a 1953. Abin da ake koya kuwa ana iya kuskure a cikinsa. Ƙofar da almajiran Ehrlich suka garƙame ta fara motsi.

Wanda ya buɗe ta, jikan Ehrlich ne a ilimi. Ernst Witebsky almajirin Hans Sachs ne, Sachs kuma almajirin Ehrlich. Ya gudo daga Jamus zamanin Hitler ya zauna a Jami'ar Buffalo. A 1951 wani matashi, Noel Rose, ya shigo ɗakin gwajinsa, aka ba shi aikin nazarin wani furotin na tayirod, halittar wuyan nan da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Rose ya yi wa zomaye allurar furotin ɗin tayirod na zomo, yana sa ran ba abin da zai faru, tunda haka littafi ya ce. Sai ga antibodi. Witebsky ya ce ba ta saɓuwa, wataƙila furotin ɗin ya lalace ne wajen haɗawa, ko kuwa don na wani zomon ne. A sake. Rose ya koma ya yanke wani ɓangare na tayirod ɗin zomo, ya tace furotin ɗin, ya mayar wa zomon da aka cire wa. Antibodi ya sake fitowa, da aka duba ragowar tayirod ɗin a madubin likita kuma sai ga shi fararen ƙwayoyin jini sun mamaye shi suna ci. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja tsakanin malami da ɗalibi kafin su buga sakamakon a 1956. A ganina taurin kan Witebsky ya yi rana, domin da hujjar ta fito da rauni, da an binne ta yadda aka binne ta 1904.

A shekarar nan dai, a asibitin Middlesex na Landan, Deborah Doniach da Ivan Roitt suka samu irin wannan antibodi a jinin mutane masu ciwon tayirod ɗin da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana tun 1912. A Dunedin ta Niyuzilan kuma Adams da Purves suka gano wani abu a jinin masu cutar Graves da ke zuga tayirod ya yi ta aiki ba tsayawa, wanda daga baya aka tabbatar shi ma antibodi ne. Nahiya uku, shekara ɗaya. Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a guje: antibodi mai yaƙar DNA a lufus a 1957, Jacques Miller ya gano a 1961 cewa taimos, 'yar halittar da ke bayan ƙashin ƙirji wadda ake ɗauka ba ta da amfani, ita ce makarantar ƙwayoyin garkuwar da muke kira T, Mackay da Burnet suka fitar da littafi sukutum a kan waɗannan cututtuka a 1963. A 1973 zomaye suka sake yin rana a cibiyar Salk, inda Patrick da Lindstrom suka ga sun yi laƙwas bayan allura, aka gane asirin cutar raunin tsoka ta mayasteniya. A 1974 Gian Franco Bottazzo da Doniach suka samu antibodi mai kai wa ƙwayoyin da ke yin insulin hari. Shekara 52 ke nan ana yi wa yara allurar insulin tun daga Toronto a 1922, sai a lokacin aka fara gane abin da ke kashe musu nasu.

Magani dai bai bar aro ba. Azatayofirin na Gertrude Elion da George Hitchings daga binciken sankarar jini ya fito, ya bi ta dashen ƙoda kafin ya iso. Metotireksat ma na sankara ne. An gwada ɗan'uwansa a kan amosanin gaɓɓai tun 1951, hasken kotizon ya disashe labarin, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka dawo gare shi da ɗan ƙaramin awo sau ɗaya a mako. Har yau shi ake fara ba mai amosanin.

A nan ne labarin ya ratso ƙasarmu. A 1965 wani matashin likita Bature, Brian Greenwood, ya zo asibitin koyarwa na Ibadan. Ya bi takardun majinyatan da aka kwantar, ya ga lufus da amosanin gaɓɓai ba su cika bayyana ba in aka gwada da Ingila, alhali baƙaƙen Amurka, jikokin mutanen yankin nan, sun fi fararen fata kamuwa da lufus. A 1968 ya buga a mujallar Lancet cewa wataƙila yawan cizon sauro da tsutsar ciki tun ƙuruciya ne ke shagaltar da garkuwa ko ya ladabtar da ita. Bai tsaya a baki ba: ya sa wa wasu ɓeraye masu gadon cuta irin ta lufus maleriya, cutar ta ja baya. A 1970 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekara goma yana aiki a kan sanƙarau da maleriya. Tunanin nasa ya riga abin da aka zo aka yi ta yayatawa bayan 1989, cewa tsabtar zamani da raguwar cututtukan yara na da hannu a hauhawar cututtukan garkuwa a Turai. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da Finlan, inda ciwon sukarin yara ya ninka na maƙwabciyarta Kareliya ta Rasha kusan sau shida, ga shi kuwa jininsu kusan ɗaya.

Sai dai wannan magana ta bar mana wani gado mai nauyi. An yi shekaru ana karantar da ɗaliban likitanci cewa lufus ba cutar Afirka ba ce, wanda aka ce masa abu babu kuwa ba ya nemansa. Yarinya za ta yi wata da watanni tana zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, a yi ta ba ta maganin maleriya da taifot, a gida a ce sanyi ne ko sammu, sai ƙoda ta tsaya tukuna. Da aka samu likitocin gaɓɓai da kayan gwajin jini a Legas da sauran manyan asibitocin koyarwa, sai ga majinyatan suna fitowa. Takardun asibiti na nuna wanda ya iso asibiti aka kuma gane ciwonsa ne kawai. Akwai ma wata cutar garkuwa da ba a taɓa cewa ta yi mana ƙaranci ba: ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yara. Tun 1962 Melvin Kaplan ya nuna cewa ƙwayar cutar maƙogwaron na kama da naman zuciya, garkuwa ta zo dukan baƙo ta haɗa da ɗan gida. Turai ta kusa mantawa da ita saboda fenisilin da sararin ɗaki, mu kuwa tana nan tana lalata ƙofofin zuciyar matasa.

Tambayar me ya sa wane ya kamu wane bai kamu ba ta samu amsarta ta farko a 1973, da masana a Landan da Los Angeles suka gano cewa kusan 90 cikin 100 na Turawa masu ciwon da ke sandarar da ƙashin baya na ɗauke da wata alamar gado mai suna HLA-B27. Aka ce to, gado ne. Amma yawancin masu alamar lafiyarsu ƙalau, kuma wani bincike a Gambiya da aka buga a 1997 ya samu kusan 6 cikin 100 na Fulanin da aka gwada suna da ita, ba a samu mai ciwon ko ɗaya ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in amosanin gaɓɓai ya kama ɗaya, kusan 15 cikin 100 ne kawai ɗayan ke bi. Gado na share fage ne, sai wani abu ya zo daga waje.

Tafiyar nan biyu, ta masu neman magani da ta masu neman dalili, sun haɗu ne a Landan. A 1975 Köhler da Milstein na Kambirij sun koya wa duniya yadda ake ƙera antibodi iri ɗaya tak mai auna abu ɗaya. A cibiyar Kennedy, Marc Feldmann da Ravinder Maini suka riƙa karɓar naman gaɓɓan da aka cire wa majinyata wajen tiyata, suna rainonsa a kwano suna auna saƙonnin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna. Saƙonnin na da yawa, har masana da dama suka ce toshe ɗaya aikin banza ne. Amma a 1989 Fionula Brennan ta ayarinsu ta nuna cewa in aka toshe guda, mai suna TNF, wasu ma na yin shiru. Wani kamfanin Amurka, Centocor, na da antibodi mai toshe TNF, suka roƙa aka ba su. A 1992 aka ɗura wa mutum 20 da duk magunguna suka gaza a kansu, a asibitin Charing Cross. Cikin kwanaki kumburi ya saɓe, mutanen da ke jan ƙafa suka riƙa hawa bene. Wannan ne karo na farko a tarihin nan da aka fara gano inda matsala take kafin a nemo abin da zai same ta. Magungunan wannan gida suka fito kasuwa daga 1998, ɗaya daga cikinsu, Humira, ya yi cinikin sama da dala biliyan 21 a 2022 kaɗai, adadin da shi kansa ke faɗa mana su wa ke iya saye. Suna da wata illa kuma da ta shafe mu kai tsaye: TNF na cikin masu tsare ƙwayar tarin fuka da ke kwance a huhu. A 2001 aka ba da rahoton mutum 70 da tarin ya taso musu, shi ya sa ba a fara su sai an yi gwajin tibi.

Amsoshin da suka fi ƙarfi kan dalili kuwa daga firji suka fito. Rundunar sojan Amurka na ɗibar jinin sojojinta a kai a kai tana adanawa, an tara miliyoyin kwalabe. A 2003 aka koma ga jinin mutum 130 da suka kamu da lufus daga baya, aka ga 88 cikin 100 na ɗauke da antibodin tun kafin a gano cutar, wasu da shekara tara. A 2022 ayarin Alberto Ascherio na Harvard ya bi bayanan sojoji sama da miliyan 10, ya samu haɗarin MS na ninkuwa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar Epstein-Barr, wadda aka fara ganowa a 1964 a ƙarin sankarar yaran Yuganda. Kusan kowane baligi a duniya na ɗauke da ita, don haka ita kaɗai ba ta isa ba, amma da wuya MS ta zo ba ita. Masana a Suwidin sun nuna yadda hayaƙin taba ke haɗuwa da wani gado ya haifar da amosanin gaɓɓai, wataƙila ma a huhu ake fara rigimar kafin ta sauko yatsu. Batun mata kuwa, waɗanda su ne kusan huɗu cikin biyar na majinyata, tara cikin goma a lufus, an daɗe ana ɗora shi kan sinadaran jinsi. Yanzu ido ya koma kan kuromosom X da suke da shi biyu.

Dabarun da Ehrlich ya yi hasashe su ma an kama su da hannu. A shekarun 1970 an yi ta maganar wasu ƙwayoyin T masu tsawatar wa 'yan'uwansu, hujja ta gaza, fagen ya watse har ambatonsu ya zama abin kunya. Shimon Sakaguchi na Japan ya ƙi bari, a 1995 ya ware su ya nuna cewa in aka cire su daga ɓera, garkuwarsa na afka wa gaɓoɓinsa. Can Amurka kuma akwai wani irin ɓera da ya ɓulla a ɗakin gwajin Oak Ridge tun shekarun 1940, mazansa na fitowa da ɓawon fata su mutu cikin 'yan makonni. Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka yi shekaru suna tonon gadonsa, a 2001 suka kai ga ƙwayar gado ɗaya da ta lalace, Foxp3, suka kuma nuna ita ce ke lalacewa a wasu jarirai maza masu mummunar cutar garkuwa. Bayan shekara biyu Sakaguchi ya haɗa zaren: ita ce ke naɗa ƙwayoyin nan masu tsawatarwa. Su ukun suka karɓi Nobel a 2025.

Buri ya sauya ke nan, daga danne garkuwa har abada zuwa gyara ta. A Nuwamban 2022 Amurka ta amince da teflizumab, wanda ke jinkirta ɓullar ciwon sukarin yara da kimanin shekara biyu ga waɗanda gwaji ya nuna yana tafe. A Erlangen ta Jamus kuma, a 2021, Georg Schett da Andreas Mackensen suka sake yin aro daga masu sankarar jini. Wata budurwa mai shekara 20 da lufus ta kai wa ƙoda da zuciya da huhu, aka ɗebi ƙwayoyinta na T, aka sauya musu gado a ɗakin gwaji yadda za su farauci ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, aka mayar mata. Cutar ta kwanta, aka janye duk magunguna har da kotizon. A 2022 suka ba da rahoton mutum biyar, a 2024 mutum 15 masu cututtuka iri uku. Bayan kamar wata uku zuwa huɗu sababbin ƙwayoyin B kan tsiro daga ɓargo, kuma a masu lufus ɗin nan sun dawo ba tare da cutar ba. Adadin kaɗan ne, sai an yi wa majinyaci kemo kafin a mayar masa da ƙwayoyin, irin wannan magani kuma da ya fara fitowa don sankara a 2017 dala 475,000 aka sa masa. Yanzu ana manyan gwaje-gwaje a Turai da Amurka da Sin, ana ƙirga shekarun da waɗannan majinyata za su yi ba su koma kan magani ba.